Ummi, Idan Sikeli Ya Tsaya

Kurmin Mashi,
Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Ummina, uwata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Ibadan lafiya, ke da abokan tafiyarki, kuma gajiyar mota ta sake ki. Allah Ya tsare min ke a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa wannan shekara ta bautar ƙasa ta zame miki alheri. Na san sai kin buɗe akwati za ki ga takardar nan, don Mamanku na bai wa ta cusa ta ƙarƙashin robar dambun nama.

Kin san halina da ke. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa akwai maganar da ke yi min nauyi idan muna ido da ido. Sau nawa na kira ki falo da niyyar mu yi wannan zancen, kina zuwa ki durƙusa sai in ɓige da cewa ki miƙo min tabarau.

Watannin nan ina lura da ke. Na ga kin dage da tsallen igiya a tsakar gida, na ga kayanki sun fara yi miki yawa, na ji daɗi a raina. Sai kuma kwanan nan na ga fuskarki ta sauya. Wata safiya na fito na tarar da ke a kan sikelin nan na bakin banɗaki. Kin hau kin sauka, kin ja shi gefe kin sake hawa, kamar laifin siminti ne. Ba ki gan ni ba. Da na tambayi Mamanku, ta ce nauyinki ne ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi sauka, shi ne kika daina cin abincin rana, da dare ma sai kokwamba da ruwan zafi. Ta ce ta yi miki magana kin ce ita ba za ta gane ba, tunda siririya ce tun asali. To, ni zan gane. Jikin nan a wurina kika ɗauko shi, ni kuma a wurin Inna kakarki. Ki zauna ki ji yadda na yi da nawa, don na yi shirme iri-iri kafin in gane hanya, kuma ba na so ki maimaita ko ɗaya.

Kina ƙarshen firamare lokacin da aka ƙara min girma a wurin aiki, aka raba ni da yawon duba ayyuka aka ba ni ofis da kujera mai juyawa. Daga gida sai mota, daga mota sai kujera. Duk taron da aka yi da shinkafa da kaza da lemon kwalba. Kafin a ce me tumbi ya fito, babbar riga ta fara zama min daidai. Idan na je ɗaurin aure sai ka ji ana cewa, “Kai, Alhaji, lallai Hajiya na ƙoƙari! Hutu ya karɓe ka.” Ni kuma in shafa ciki in yi dariya. Wallahi daɗi nake ji. Ina hawa benen ofis ina haki, ina ɗaura igiyar takalmi da ƙyar, duk ban ɗauke shi komai ba, tunda mutane sun ce alamar jin daɗi ce.

Ranar da jiri ya kwashe ni a ofis aka kai ni asibiti, likita ya auna ni ya daɗe yana kallon takardar. Yaro ne matashi, da ƙyar ya girmi yayanku Sadiƙu. Ya ce, “Baba, jininka ya hau, suganka ma ya kama hanya. Bai kai a kira shi ciwo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Akwai mai ciwon suga a gidanku?”

Ke ba ki san Inna sosai ba, kina ƙarama ta rasu. Sugan nan ne ya fara cinye mata ido, har ta kai sai ta shafa fuskar mutum take gane shi. Ranar sunanki da hannu ta lalube ki, ta ce, “Wannan ce takwarar tawa? Kumatunta irin nawa.” Ita na tuna a gaban likitan nan. Na ce masa akwai. Ya ce to in rage jiki, in riƙa motsawa, in kula da abin da nake ci.

Abu na farko ke nan, Ummi. Kada ki bar bakin mutane ya zame miki ma'auni. Waɗanda suka yabi tumbina ba su suka kwanta a gadon asibiti ba. Haka masu ce miki kin yi ƙiba a gidan biki, ba su san jikinki ba, kuma ba don ke suke faɗa ba. Idan kin natsu a can, ki je asibiti a auna miki jini da suga, ki san inda kike. Don lafiyarki za ki yi wannan aiki, ba don a daina magana ba, magana ba ta ƙarewa.

Likita abu uku ya faɗa min, amma ɗaya kawai kunnena ya ɗauka: motsa jiki. Shi ya fi min sauƙi, don bai taɓa kwanona ba. Na samu maƙwabcinmu Alhaji Sabo, Bakanon nan mai shagon tayoyi, wanda tumbinsa ya ɗara nawa. Muka yi shawara kullum bayan asuba mu fita. Mu miƙe titi ta wajen Mando muna sassarfa, gumi na zuba, 'yan acaɓa na yi mana kirari. Ki ga dattawa biyu cikin wandon wasanni, ciki na gaba muna biye da shi. Mu kam mun ji mun zama 'yan ƙwallo.

Matsalar ita ce a hanyar dawowa akwai teburin mai shayi. Ranar farko Alhaji Sabo ya ce, “Alhaji, mun fa yi aiki yau. Jiki na da hakki a kanmu.” Muka zauna. Shayi mai kauri, madara har ta yi yawa, suga kuwa ba a magana, ga biredi an tsaga an zuba wainar ƙwai tana ɗigar mai. Daga ranar ya zame mana ƙa'ida. In na iso gida kuma in tarar Mamanku ta dama koko an sayo ƙosai, in zauna in ci, don ina jin kunyar ce mata na riga na karya. Da rana a ofis idan aka kawo lemo sai in ce ai na yi gudu da safe, in shanye.

Muka shafe watanni a haka. Rannan muka tsaya a wani kemis mai sikeli, na hau da ƙarfin gwiwa. Na duba, na ce wa yaron shagon sikelinsu ya lalace. Alhaji Sabo ya hau, shi ma ya ce ya lalace. Muka tafi wani kemis ɗin, shi ma lalatacce. Ashe ƙaruwa muka yi, mu duka biyun.

Na dawo gida rai a ɓace na faɗa wa Mamanku. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Alhaji, ai na daɗe ina jin ƙamshin wainar ƙwai a rigarka. Abin da ka zubar a titi, a teburin mai shayi kake kwashe shi, har da gyara.”

Na ji haushi, amma gaskiya ta faɗa. Ki riƙe wannan da kyau: abin da ƙafa ta daɗe tana wahalar ƙonawa, baki yana mayar da shi kafin shayi ya huce. Kuma gudu yana buɗe ciki, yana sa mutum ya ji ya cancanci lada. Idan rage kitse ake nema, yawancin aikin a kwano yake. Ban ce ki bar tsallen igiyarki ba, zan zo kan amfaninsa, amma kada ki yi tsalle don ki biya bashin abin da kika ci, kada kuma ki ci don ki saka wa kanki da tsallen da kika yi.

Daga nan sai na yi abin da na fi jin tsoron ki yi, wanda kuma na ga kin fara. Na ce tunda abinci ne matsalar, to na bar abinci. Na daina karyawa, na daina cin na rana. Mamanku ta kawo tuwo in ce na ƙoshi, alhali cikina na kuka har tana ji. Na zama mai saurin fushi, ku yara kuna ganin motata kuna shigewa ɗaki. A ofis in karanta layi ɗaya sau da yawa ban fahimta ba. Kamar wannan bai isa ba, na ji mai maganin gargajiya a mota da lasifika yana tallan wani garin magani, wai yana narkar da teɓa kamar man shanu a wuta. Na tsaya na saya a ɓoye, na riƙa jiƙawa ina sha. Abin da ya narke ba teɓa ba ne. Gudawa ce ta kama ni, ina zaryar banɗaki, ni kuma ina murna don sikeli ya fara sauka.

Wata ranar Asabar muka je ɗaurin auren ɗan wani abokin aikina a Rigasa. Rana ta take, ga cunkoso, ni kuma rabona da abincin kirki an kwana biyu. Ana cikin shafa fatiha na ji muryar liman tana yin nisa. Abin da na sani kawai shi ne na farka a kwance a kan tabarmar mutane, hulata a gefe, wani na yi min fifita da kwali, wani na cewa a kawo ruwa. Sai da aka yi min ƙarin ruwa a asibiti. Likitan nan dai shi na sake samu. Ya ce, “Baba, na ce ka rage abinci, ban ce ka yi gaba da shi ba. Abin da ka ga ya sauka ruwan jikinka ne da tsoka. Kitsen yana nan yana jiranka.” Kuma haka aka yi. Ina samun sauƙi yunwar da na tara ta taso min gaba ɗaya, na ci kamar an aiko ni, nauyin ya dawo har ya wuce inda yake.

Ummi, ni a cikin 'yan uwa da abokai na faɗi, aka ɗauke ni. Ke kina garin da ba ki san kowa ba tukuna, ga faretin sansani a rana. Idan kika faɗi, wa zai kira ni? Wannan tunanin ne ya sa na ɗauki biro. Ki ci abinci. Ki karya da safe, ki ci da rana, ki ci da dare. Duk wani shayi ko gari ko ƙwaya da aka ce yana zubar da ƙiba, ko a waya kika gani ko ƙawa ce ta kawo miki, kada ki kai shi bakinki sai likita ya gani.

Mamanku ce ta karɓi ragamar daga nan. Ta ce, “Ka gwada naka sau biyu, yanzu ka bar min.” Ba ta kawo wani abu daga waje ba, abincinmu ne na kullum ta sauya masa tsari. Tuwon da nake cin malmala biyu ya koma ɗaya, miya kuma ta ƙaru, ganye fal, man da ke yawo a samanta ya ragu. Rannan kwaɗon zogale, rannan rama, rannan wake da alayyafo, ga kifi ko ƙwai dafaffe ko nama ba kitse. Shinkafa ta koma gefen faranti, kabeji da latas suka cinye tsakiya. Ta ɗauke gwangwanin suga daga gabana. Lemon kwalba ya koma sai ranar salla, zoɓo ma ta riƙa cire min nawa kafin ta zuba zaƙi. Makon farko na yi ta ƙorafi. Na ce shayi ba suga ai hukunci ne. Ta ce, “To ka sha hukuncinka tun da zafi.” Daga baya harshe ya saba, har na fara jin ɗanɗanon citta da kanumfari da ban taɓa lura da su ba. Abin mamaki, ina tashi daga cin abinci a ƙoshe. Na ci gaba da fita da Alhaji Sabo, amma idan mun iso teburin mai shayi sai in yi masa sallama in wuce. Ya riƙa yi min tsiya, wai an kama ni a gida.

A hankali jiki ya fara sauka. Na kai wa tela wanduna ya rage. Na hau benen ofis na iso sama ina iya amsa gaisuwa. Likita ya auna ya ce jini ya fara daidaita. Na ɗauka shi ke nan, haka za a yi ta gangarawa har inda nake so.

Sai abin ya tsaya. Daidai inda kike yanzu.

Mako ya bi mako, sikeli na nuna abu ɗaya. Ban daina komai ba a ganina, tuwo ɗaya ne, shayi ba suga, fita kullum. Na san zafin da kike ji, don na ji shi. Mutum ya hana kansa abin da yake so, ya tashi lokacin da wasu ke barci, sannan a ce masa bai motsa ba. Ya fi ciwo a kan lokacin da ban fara komai ba.

Nan na yi kuskuren da ya fi tsada. Na ce tunda tafiya ta daina aiki, gudu zan yi na gaske. Na bar Alhaji Sabo a baya, na ninka nisan, na ƙara da yamma. Gwiwata ta dama ta fara yi min magana, na ƙi saurara. Mamanku ta ce, “Alhaji, ɗingishi fa kake yi.” Na ce tsamin jiki ne, zai sake. Wata safiya ina cikin gudu a kan kwalta na ji wani abu ya soke ni a gwiwa, na zauna a bakin kwalbati na kasa tashi. Ɗan acaɓa ne ya kawo ni gida.

Gwiwar ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa. Kin tuna kujerar robar nan fara da Sadiƙu ke ɗaukar min zuwa masallaci? Lokacin ne. Ku kun ɗauka ɗan ciwo ne, ba ku san abin da ke raina ba. Na yi watanni ina salla a zaune a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife ni. Liman ya yi kabbara, jama'a duk su tafi ƙasa, ni ina sama ina sunkuyar da kai ina kallon bayansu. Na san Allah Ya yi rangwame ga mara lafiya, amma goshina ya yi kewar ƙasa. Ban taɓa sanin sujada ni'ima ce ba sai da aka hana ni. Kuma ba wanda ya jawo min sai gaggawata.

Da na koma asibiti, likita ya duba gwiwar ya ce za ta warke idan na ba ta hutu. Sai na kawo masa ƙarar sikeli. Ya yi murmushi ya ce, “Baba, wannan tsayawar kusan kowa yana gamuwa da ita. Jikinka na yanzu bai kai na da girma ba, don haka abin da yake buƙata ya ragu. Abincin da ya sa ka sauka a da, yanzu shi ne daidai cikinka. Sannan ka duba da kyau, wataƙila akwai abin da ya dawo ba ka lura ba.”

Na ce babu abin da ya dawo, na rantse masa. Mamanku na zaune a gefe, don ita ta rako ni. Sai na ji ta yi gyaran murya.

“Gyaɗar da ke cikin mota fa?”

Na ce ai gyaɗa ba abinci ba ce.

“Da furar la'asar? Da dabinon da ke aljihunka?”

Na ce dabino ai sunna ne. Likita ya sunkuyar da kai yana dariya. Ta ce, “Sannan tunda ka fara gudun nan, kana dawowa kake miƙewa a kujera. Da kai kake zuwa bakin titi sayen kayan miya, kai kake ba shukoki ruwa. Yanzu ko ruwan sha sai ka ƙwala wa yara kira.”

Ina shirin kare kaina sai ta ƙara da ƙaramar murya, “Ni ma da nawa. Malmalar ɗaya ce, amma na ɗan riƙa ƙara mata girma. Na ga kana wahala ne.”

Muka kalli juna, ni da ita, muka fashe da dariya a gaban yaron mutane. Ashe tuwon nan da nake alfahari da shi ya kusa komawa biyu, an dai haɗe su wuri ɗaya.

Abin da muka yi bayan nan ba shi da yawa. Malmala ta koma girmanta na gaskiya. Gyaɗa ta bar mota, ta koma ɗan abin da tafin hannu zai ɗauka. Fura ta zama ta wani lokaci, ba ta kullum ba. Da gwiwa ta yi sauƙi na koma tafiya, ba gudu ba, tafiya mai ɗan sauri wadda zan iya hira a cikinta. Likita ya ce in ƙara da abin da zai ƙarfafa tsoka, don kada jiki ya saki, kuma ita ce ke riƙe gwiwa. Ba ni da kayan ɗagawa, sai na riƙa cika ƙananan jarkoki da ruwa ina ɗagawa a bayan gida, ina zama a benci ina tashi ba tare da dafa komai ba. Na daina zaman hira har barci ya wuce, don na lura duk ranar da ban yi barci sosai ba, washegari zaƙi nake nema. Ya kuma ce in daina hawa sikeli kullum, in riƙa lura da zariyar wando. Wallahi akwai lokacin da sikeli bai motsa ba amma zariya ta ƙara tsawo a hannuna.

Ba a yi sauri ba. An ɗauki lokaci kafin nauyin ya sake gangarawa, kuma bayan nan ma ya sake tsayawa, ya sake tafiya. Amma ranar da na ce wa Sadiƙu ya bar kujerar a gida, na shiga sahun gaba, na kai goshina ƙasa, na daɗe ban ɗago ba har na kusa da ni ya taɓa ni. Sugan da likita ya ce yana bakin ƙofa, da ikon Allah har yau bai shigo ba.

Don haka idan naki ya tsaya, kada ki ɗauka kin gaza, kada kuma ki hukunta jikinki. Ki fara da haƙuri, wani lokacin da kansa yake sakewa. Idan ya daɗe, ki zauna ki duba tsakaninki da Allah me ya lallaɓo ya dawo: cincin ɗin da ake ci ana hira, lemon da aka ba ki kika ji kunyar ƙi, man da hannu ya saba zubawa. Ki rage kaɗan, ba rabi ba. Ki duba barcinki. Ki duba ko tsallen safe ya sa kin zauna sauran yinin. Akwai kuma abin da ya shafi jikin mata, wanda ke sa nauyi ya hau ya sauka a cikin wata ba tare da an yi laifin komai ba. Wannan Mamanku ta fi ni sani, ki kira ta, kuma ki daina cewa ba za ta gane ba. Ita ta gane ni tun ban gane kaina ba.

Na yi alƙawarin zan dawo kan amfanin motsa jiki. Ki dubi Alhaji Sabo. Har yau yana fita, har yau yana tsayawa wurin mai shayi, tumbinsa na nan yadda kika san shi. Amma mutumin nan zai taka daga nan har Mando ya dawo bai yi haki ba, barcinsa lafiya, kuma da aka auna shi an ce zuciyarsa na aiki da kyau, sai dai likita na yi masa faɗan suga. Ya kan ce min, “Kai ka rage ciki, ni na ƙara numfashi.” Ni kuma in ce masa da ya haɗa biyun da ya fi mu duka. Kin ga ke nan, kwano ne ke rage jiki, motsi kuma shi ke riƙe zuciya da ƙarfi da walwala, shi ke taimakawa kada abin da ya tafi ya dawo. Kowanne da aikinsa. Kada ki saki ɗaya don ɗaya.

A can za ki tarar da abincin da ba ki saba ba. Ki ci amala, ki ci miyarsu, an ce suna da miyar ganye mai kyau, ki dai sa ido a kan manja. Idan an ba ki wurin zama ki riƙa girki da kanki, wake ba ya wahalar samu a ko'ina. Idan aka gayyace ki biki ki ci shinkafar biki da farin ciki, kwano ɗaya ba ya rushe aikin watanni, washegari ki koma tsarinki ba tare da kin yi wa kanki horon yunwa ba. Idan za ki fita tafiya, ki bari gari ya waye sosai, ki samu abokiyar tafiya, ki bi hanyar da mutane ke bi, kada ki toshe kunnuwanki duka biyu da waƙa. Idan wata gaɓa ta fara ciwo, ki tsaya a ranar, ba sai ta zaunar da ke ba.

Kuma ki sani, ko kin ragu ko ba ki ragu ba, ranar da kika dawo ƙofar gidan nan da murna ɗaya zan tare ki. Lafiyarki nake so, da dariyar nan taki da ake ji har waje.

A gefen akwatin, cikin baƙar leda, akwai takalmin kambas. Ni na je kasuwa da kaina na sayo. Na saci silifas ɗinki ɗaya na sa a aljihun babbar riga don kada in yi kuskuren lamba, shi ne ranar kika yi ta neman ƙafa ɗaya kina zargin ƙannenki. Mai shagon ya jera min kala-kala, na zaɓi wanda na ga ya fi kyau. Da na kawo gida Mamanku ta yi dariya har da riƙe ciki, wai ba mai sa ruwan ɗorawa mai haske haka sai mai ba da hannu a titi. Na ce ai gara haka, mota za ta hango ki daga nesa. Idan bai yi miki ba ki yi haƙuri, idon tsoho ne. Amma ki sa shi ko sau ɗaya ki turo min hoto, in nuna mata.

Mamanku na gaishe ki, Sadiƙu da ƙannenki ma haka. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, Ya ba ki lafiya mai amfani, Ya dawo min da ke gida cikin aminci. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki, kuma ɗanki,
Baba.